Mai jego da aikin Babbar Sallah: masa, nama, hula da jariri a hannu

Shugabar Zaure: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya wata ƙanwarmu ta turo, ta ce a sakaya sunanta. Haihuwar fari ce, tana zaune a Fadaman Mada, ta yi arba'in ta dawo ɗakinta, yaron zai cika sati bakwai ranar Babbar Sallah. Maigida zai yanka rago, dangin miji za su zo cin masa kamar yadda suka saba, mai taya ta aiki ƙanwar miji ce kawai 'yar shekara 12, wuta kuma ba a dogara da ita balle a ce firji zai riƙe nama. Tana so a tsara mata abin da za ta yi kafin sallah da abin da za ta bari sai ranar, da yadda za ta yi da nama, sannan tana son ta yi wa yaron hula da riga da hannunta. Masu sani bismillah. Don Allah a faɗi ma'auni, kada a ce mata "ki zuba daidai misali".

Hajiya Babba (Jahun): Wa'alaikumus salam. Allah ya raya mana. 'Yata, ki kasa aikin gida uku: mai jure mako biyu, mai jure kwana ɗaya, da wanda sai ranar. Cincin, yajin nama, dakan kayan ƙamshi, suyar gyaɗar miya da markaɗa ta, wankin labule, duk ki gama su ana saura kwana biyar. Jajjage da jiƙa shinkafa ranar Arfa. Ranar sallah suyar masa da haɗa miya kawai. Kowane aiki ki fara shi da zarar yaro ya sha nono ya yi barci, don ɗan sati bakwai da wuya ya ba ki fiye da awa biyu bai sake nema ba. Aikin da ba ya ajiyuwa a tsakiya, irin suya, kada ki ɗora shi sai da wani babba a gidan. Dubulan da alkaki kuwa ki bar su bana, ki saya ko ki haƙura. Suna cin zama, ga tafasasshen sukari.

Mai Masa (Wunti): Masar mutum 12 zuwa 15: shinkafar tuwo gwangwanin madara 10. Kada a yi da shinkafar da aka turara, ba ta tashi yadda ake so, masar ta fito da nauyi. Ki ware gwangwani 1 ki dafa shi luguf, ki bar shi ya huce. Sauran 9 ki wanke ki jiƙa da hantsi ranar Arfa, awa 6 ya isa. Bayan magariba ki tsane, ki haɗa da dafaffiyar da albasa babba 1, a kai inji. Ki ce wa mai inji ya wanke injin, kuma ya rage ruwa. Ƙullu mai kauri ana sassauta shi, wanda ya tsinke ba shi da gyara sai an nemo garin shinkafa.

Yis kuma ya danganta da lokacin da za ki zuba. In da daddare ne zai kwana, ƙaramin cokali 2 kawai, don da zafin nan kafin asuba ya tashi har ya faɗa, ya yi tsamin da ba ya ciyuwa. In da asuba ne, babban cokali 1, ki rufe a wuri mai ɗumi, cikin awa 3 ya tashi. Ga mai jego na fi son na asuba, tunda ko yaya tana farke tana shayarwa a wannan lokacin.

Gishiri da sukari sai za a fara suya: gishiri ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 4. In sukari ya wuce haka bayan masar zai ƙone cikinta bai nuna ba. Ki ɗanɗana ƙullun, in ya yi tsami ki ɗiga ruwan kanwa cokali 1 ko 2, ki buga da ludayi sosai. Kanwa in ta yi yawa masar ta yi rawaya, ta yi ɗaci-ɗaci. Kaurin da ake so, in kin ɗebo da ludayi ya zubo a haɗe, ba ya tsayawa kuma ba ya tarwatsewa. In masa tana shan mai tana ƙin juyuwa, ruwa ya yi yawa. In tana kama tanda, ko tandar ba ta yi zafi ba ko sabuwa ce ba a horar da ita ba. Sabuwar tanda a shafa mata mai a gasa ta da yankakkiyar albasa sau biyu tun kafin sallah.

Goggon Yara (Yelwa): Miyar taushen da za a ci masar da ita, kada a haɗa ta gaba ɗaya tun ranar Arfa. Gyaɗa da kabewa su ne ke sa miya ta yi kumfa ta lalace in ta kwana ba wuta. Abin da za a yi ranar Arfa shi ne jajjage: tattasai 8, tumatir 10, attaruhu 4, albasa 2, a dafa ruwan ya ƙone, a soya da mai har man ya taso sama ya rufe shi. Wannan zai kwana lafiya in an bar shi a buɗe ya huce sannan aka rufe, kuma ba a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki ba. Da safe sai a dafa ƙashi da kabewa kwata, a farfasa kabewar, a zuba jajjagen da daddawa, a dama gyaɗa gwangwani 1 da ruwan ɗumi a zuba, a rage wuta. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne ƙarshe, minti 5 a sauke. Tunda ba a yi yanka ba tukuna a wannan safiyar, ƙashin miya a sayo shi tun ranar Arfa a tafasa da gishiri, a sake tafasawa kafin a kwanta.

Anti Nas (Azare): Kafin a yi nisa, akwai abin da nake roƙon ƙanwarmu da duk mai goyo: kada a yi suya da yaro a baya. Uwa tana kallon gabanta, ƙafafun yaro kuwa suna leƙowa ta gefenta. Tana juyawa ɗaukar ludayi ƙafar ta kai bakin kasko ko murhu. Bakin majanyi yana lilo kusa da wuta, mai yana fallatsa, hayaƙin itace yana shiga hancin da ko wata biyu bai yi ba. A kwantar da shi a ɗaki, a rigingine, cikin gidan sauro, ƙanwar miji ta zauna kusa da shi. Aikin yarinyar kenan ranar, ba aike ba.

In tsautsayi ya faru wani ya ƙone, yaro ko babba, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na randa ko famfo ana ta kwararawa har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba gishiri, ba ƙanƙara. Ƙunar jariri komai ƙanƙantarta asibiti ake kai ta. Haka kuma kada ruwan sama ya sa a shigo da kurfotin gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Janareto ma haka, ya yi nesa da tagar ɗakin da yaro yake.

Malama (Gwallaga): Akwai sauƙin da ake mantawa. A mazhabar Malikiyya kwanakin yanka uku ne, ranar sallah da kwana biyu bayanta, da rana, kuma a ranar farko sai bayan liman ya yanka. Ranar farko ta fi falala, amma wanda ya yanka a rana ta biyu layyarsa ta yi. Gidan da mace ɗaya ce da ɗanyen goyo, ba laifi maigida ya duba wannan: masa da baƙi ranar farko, nama washegari. Azumin Arfa kuma nafila ne. Mai shayarwa da ke tsoron nono ya ragu ko jiri ya ɗebe ta a bakin wuta, ta bar shi ba komai a kanta.

Mahauci (Muda Lawal): Hajiyoyi a yi mini izini in sa baki, don wannan fannina ne. Maigida ya yi magana da mai fiɗa tun ana saura kwana uku, a yanke kuɗin aiki, a faɗa masa har da sara da wankin kayan ciki da babbakar kai da ƙafa. Ranar sallah ba a samun mahauci a hanya. Sannan a raba naman sadaka da na 'yan'uwa ɗanye nan take, kada a ce sai an soya. Wannan kaɗai ya rage wa uwargida fiye da rabin aiki. A bar wa gida cinya da gadon baya, su ne tsoka.

Wajen fiɗa, a ciro tumbi da hanji ba tare da an huda su ba, a kai su nesa a wanke. In kashin ciki ya taɓa tsoka, wurin ne ke fara wari. Naman da zai kwana a rataye kada a wanke shi da ruwa, a goge jinin da tsumma mai tsabta, a buɗe ƙirjin da kara iska ta ratsa, a rataye inda iska ke kaɗawa. Amma a farkon damina irin yanzu, in an yi ruwa garin ya yi lumshi, ban yarda a bar shi haka kawai ba, sai dai a kafa shi gefen wuta ya sha banda. Hanta, ƙoda, huhu da zuciya ba sa kwana ɗanye ko kaɗan, ranar ake gamawa da su.

Umman 'Yan Biyu (Tambari): Malam, saboda ƙuda, za a iya lulluɓe naman da gidan sauro?

Mahauci (Muda Lawal): Banda wanda ake rabawa a asibiti, Hajiya, akwai maganin sauro a jikinsa. A sami farin yadi mai shara-shara a wanke a rufa, kada ya manne da naman. Kuma kada a fesa maganin ƙwari a inda nama yake.

Hajiya Babba (Jahun): Suyar naman da zai kai mako biyu ba firji, sirrinta ɗaya ne, a raba shi da ruwa. A yanka madaidaita, kada wani ya fi wani girma sosai, don babban zai soyu a waje cikinsa da danshi, shi ne zai fara funfuna ya shafa wa sauran. A cire kitse a ware. A ɗora da ruwa kaɗan, gishiri, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da albasa manyan yanka, a dafa har ya yi laushi ruwan ya kusa ƙonewa. A juye a kwando ya tsane, a tsince albasar tas. Guntun albasa da ya maƙale a jikin nama yana jawo lalacewa. A soya kaɗan-kaɗan a mai mai yawa, wuta matsakaiciya. Alamar ya soyu ba launi ba ce, kumfa ce: muddin man yana ta tafarfasa da ƙara, akwai ruwa a naman. In kumfar ta kwanta ƙarar ta ragu, a kwashe.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ajiya. A baza shi a faranti ya huce sarai, awa uku ko fiye. In aka rufe shi da ɗumi, gumi ya taru a murfi ya ɗiga, kwana uku ya yi gashi. Ba leda, ba robar da ke rufe ruf. Kwando ko kwali da aka shimfiɗa wa takarda mai tsabta, a rufa yadi. A rana ta uku a sake jefa shi a mai na minti biyar. Soyayyiyar hanta kada a haɗa ta da tsoka, a cinye ta cikin kwana biyu. Kuma hannu ba ya shiga kwandon, sai busasshen cokali.

Goggon Yara (Yelwa): Ni shawarata cinya ɗaya a yi dambu da ita, ya fi soyayye amfani ga mai jego, don da hannu ɗaya za ta barbaɗa a shinkafa ko ta ci da burodi tana shayarwa. Tsoka zalla kilo 2, albasa 2, attaruhu 4, citta da tafarnuwa, a dafa har ya fara wargajewa da kansa ruwan ya tsotse. Maigida ko wani saurayi ya daka a turmi, ba ita ba. A zuba mai ludayi 2 kawai, a juya a wuta ƙasa-ƙasa minti 40 ko fiye, har a ji yana ƙaras-ƙaras a jikin tukunya. In ya dunƙule, dakan ya yi yawa ko da sauran ruwa. In ya yi maiƙo a matse shi a tsumma mai tsabta. Kitsen rago in ya shiga dambu, bayan mako zai canza ɗanɗano ya riƙa kama maƙogwaro, don haka a gyare shi tun wajen yanka.

Inna (Misau): Duk na ji, amma ba wanda ya yi maganar cikin ita mai jegon. Za ta yi ta ɗawainiya da baƙi ta wuni ba ta ci ba, nono ya janye. A dama mata kunun kanwa da safe da yamma, a gasa mata nama da yajin daddawa. Haka aka yi wa iyayenmu suka yi ƙwari. Kuma da wannan zafi a riƙa ɗiga wa yaro ruwa, ai shi ma rai gare shi.

Anti Nas (Azare): Inna, Allah ya ƙara girma. Maganar cin abinci gaskiyarki ce, kuma gasasshen nama da yaji da daddawa ba wanda ya hana, jikinta na buƙatar su don mayar da jinin da ta zubar. Kanwa ce nake jan hankali a kai. Gishiri ce mai ƙarfi, tana sa jiki ya riƙe ruwa, tana ƙara wa zuciya aiki. Wadda ta yi hawan jini ko kumburi da ciki, ko aka ce mata zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, kada ta sha. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a Arewa, kuma yana iya bayyana har watanni bayan an sauka. Mai jego da ke haki in ta ɗan yi aiki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya dame ta da dare, ba gajiyar sallah ba ce, a kai ta asibiti ranar.

Ruwa kuma, Inna, nonon uwa mafi yawansa ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko a ƙasa mai zafi. Cikin jariri ƙarami ne, in ruwa ya cika shi ya rage tsotso, nonon ya ragu, ga gudawa da ruwan damina ke kawowa. In ana zafi a ƙara ba shi nono, uwa ta sha ruwan. Alamar yana ƙoshi, ya jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a yini da kwana, fitsarin ba ja ba.

Inna (Misau): Na ruwa na ji. Kunu dai ba za a raba mai jego da shi ba, ko da an rage kanwar.

Goggon Yara (Yelwa): To a yi na gyaɗa, Inna, kowa ya huta. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 5 a dama a ruwa lita 1 da rabi, a tace, a ɗora. A tsaya a kai, don yana tafasowa yake zubewa. In ya tafasa minti 10 ɗanyen warin gyaɗa ya fita, a dama garin shinkafa ko gasarar gero cokali 6 da ruwan sanyi a zuba ana juyawa. A sauke tukuna sannan a sa ruwan tsamiya kaɗan-kaɗan. In aka zuba tsami yana kan wuta sai ya tsinke ya yi gudaji. A juye a fulas tun asuba, ta riƙa kurɓa duk lokacin da ta zauna shayarwa. Kuma a cire mata nata kwanon masa da miya a kai ɗaki kafin baƙi su iso.

Anti Nas (Azare): Ƙari kaɗan. Abin da ke kawo nono da gaske shi ne yawan tsotso, sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Ranar sallah ake tsallake shayarwa saboda kunyar baƙi, da yamma nono ya cika ya yi tauri, wani har ya yi ja ya kawo zazzaɓi. In baƙi sun cika falo ta shige ɗaka ta ba shi, ba rashin kunya ba ne.

Mai Saƙa (Darazo): Bari in zo kan hula. A nemi zaren auduga, ba na roba mai gashi-gashi ba, wannan na hunturu ne, yanzu zai feso wa yaro ƙurajen zafi a goshi da ƙeya. Kwarashi mai lamba 3 ko 3 da rabi. A auna kan yaron da tef ta saman gira da kunne. Ɗan wata biyu yawanci wajen santimita 38 ne. A fara da ɗan zoben zare, a yi dogon saƙa 12 a ciki. Zagaye na biyu biyu-biyu a kowane ido, ya zama 24. Na uku a riƙa ƙari a kowane ido na biyu, 36. Na huɗu a kowane na uku, 48. A ci gaba haka har faifan ya kai faɗin santimita 11 zuwa 12, wato awon kai a raba uku a ɗan rage. Daga nan a daina ƙari, a yi ta zagayawa har zurfin daga tsakiya zuwa baki ya kai santimita 13. In faifan yana lanƙwashewa tun da wuri, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya yi tsauri. In bakinsa yana tattarewa yana rawa, ƙarin ya yi yawa. Zama uku na rabin awa ya gama ta.

Ban da igiyar ɗaurewa a haɓa, ban da duwatsu da maɓallin ado. In an haɗa da safa, a juya cikinta a yanke duk zaren da ke reto, a duba ko gashin uwa ya shiga. Silin zare ko gashi yana naɗe ɗan yatsan ƙafa ya shaƙe shi, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Jaririn da ya ƙi yin shiru, a cire safa a duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Hula kuma ta fita ce, in zai yi barci a ɗaki a cire.

Tela (Kobi): Riga rabin yadi ya isa har da wando. In ana son ya yi anko da babansa, a wanke shaddar sau biyu sitacin ya fita, a yi mata shafi da farin yadin auduga mai laushi, a juya ɗinkin yadda gezar ba za ta taɓa fata ba. Aikin wuya na zare mai ƙyalli yana cin haɓar jariri, tunda wuyansa gajere ne haɓar na zaune a kan rigar. A yi aikin a ƙirji ƙasa kaɗan, ko a bar shi. A tsaga kafaɗa ɗaya a sa maɓallin matsawa guda biyu don kai ya wuce ba kokawa. Wando roba mai laushi, yatsu biyu su shiga tsakaninta da ciki, a bar wurin kunzugu. A ɗinka biyu, don ta farko ba za ta kai azahar ba tumbuɗi ya ɓata ta.

Umman 'Yan Biyu (Tambari): Kayan yaro kada a adana su da kafur, kuma kada a turara su. Turaren wuta a yi wa labule da kayan manya a wani ɗakin, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a shigo da shi. Lallen uwa a yi ana saura kwana biyu, ƙafa tukuna, hannu ɗaya bayan ɗaya, nan da nan bayan ya sha nono, don a sami hannun ɗaukarsa in ya farka. Jan lalle zalla ya fi. Baƙin da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu, ga shi hannun nan ne ke kama nono.

Anti Nas (Azare): Na gode da kika taɓo kafur. Akwai yaran da aka haifa da wani rauni a ƙwayoyin jininsu, an fi samunsa a maza, kafur da lalle suna iya farfasa musu jini su kamu da shawara mai tsanani. Ba a gane su da ido, don haka kada a sa wa jariri lalle ko ɗigo. Kwalli ma a bar shi, da yawansa akwai dalma a ciki.

Hajiya Babba (Jahun): Sai maganar fita. Gaida surukai da iyaye ba a barin sa, amma a zaɓi gida biyu, a je da sanyin safiya ko bayan la'asar a rana ta uku, a dawo kafin magariba saboda sauro. Filin idi da kallon hawan Daushe a ƙofar fadar Sarkin Bauchi a bar wa baɗi. Ƙurar dawakai, turmutsutsu, ƙarar bindiga, ba wurin ɗan sati bakwai ba ne. In za a goya shi, zanin ya hau har ƙeya ya tallafe kai, fuskar a juye gefe, hanci a sarari. Kada a saki babban hijabi ya rufe shi ruf a cikin rana, a ɗage gefe ɗaya, a riƙa kai hannu ana taɓa wuyansa. A Keke Napep a sauke shi a rungume, kada a jingina da shi a baya.

Anti Nas (Azare): Masu zuwa barka da sallah kuma, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, musamman ranar da kowa hannunsa ya taɓa ɗanyen nama. Mai mura ko tari ya gaisa daga nesa. Ba sumbatar baki. Goron sallah a miƙa wa uwa, kada a cusa takardar kuɗi a tafin yaro, hannun nan baki zai tafi. Allurar sati 6 in ba a yi ba a je kafin hutu, ta gaba sati 10 da sati 14. Jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya kai 38 a ma'aunin zafi, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa na sauri, ba a jiran hutun sallah ya ƙare.

Maman Ɗan Auta (Ningi): Don Allah a taimaka wa masu ɗan wata 7 ma. Za a iya ba shi naman sallah?

Anti Nas (Azare): Za a iya, amma ba soyayye ba, ba dambu ba, ba kuma ƙashi ya tsotsa ba, duk suna shaƙewa. A ware tsoka kaɗan a dafa ba gishiri ba dunƙule ba yaji, har ta yi luguf, a niƙa da romonta a haɗa da dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa. Hanta dafaffiya a murje babban cokali 1, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. A wannan shekarun abinci sau 2 zuwa 3 a rana, a fara da cokali 2 ko 3 ana ƙarawa, nono na nan yadda yake. Ban da zuma sai ya shekara, ban da zoɓo da lemon kwalba, ban da ƙwayar gyaɗa da cincin a hannunsa.

Goggon Yara (Yelwa): Garin kununsa kuma a haɗa kafin sallah: gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Waken a jiƙa a murje ɓawon, a shanya ya bushe, a soya sama-sama har ɗanyen warinsa ya fita. In bai soyu ba yana kumbura ciki. Gyaɗar a tsince duk wadda ta yi baƙi, ta motse ko ta yi funfuna a zubar, suya ba ta kashe gubar da ke cikinta. A niƙa tare, a baza garin ya huce daga zafin inji, sannan a zuba a mazubi mai murfi. Da damina kada a yi wanda zai wuce mako uku. Wajen damu a dafa shi a wuta minti 10, ya yi kaurin da in an karkata cokali ba ya zuba. Tsararon kunu ciki kawai yake cikawa.

Shugabar Zaure: Mai tambaya ta ce tana godiya, Allah ya saka. Ta ƙara da cewa in ƙullu ya ragu ko masa ta kwana, yaya za ta yi?

Mai Masa (Wunti): Ƙullun da ya tashi ba ya jira. In baƙi sun yi ƙaranci ta soye shi duka, ta aika wa maƙwabta da zafinsa. Masar da ta rage a bar ta ta huce a kwando a buɗe, kada a jibge ta a kula da zafi, gumi zai sa ta yi yauƙi kafin safe. Washegari a turara ta a madambaci minti 5, ko a mayar da ita tanda da ɗigon mai. In ta ja zare da aka gutsura, ko warinta ya canza, ta tashi daga aiki. Miyar da ta rage kuma a tafasa ta sosai kafin a kwanta, kada a sake taɓa ta da cokali, a kuma tafasa da asuba.